Shin rufe iyakar Najeriya da Nijar zai rage matsalar tsaro?

Ɗan Jibiya:
Assalamu alaikum. Tun da hedikwatar tsaron Najeriya ta sanar da ɓullar ƙungiyar mayaƙa masu ɗauke da makamai ta Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi a watan Nuwamban 2024, nake jin ana kira da a rufe iyaka da Nijar, domin ana ganin ta nan mayaƙa da makamai suke shigowa. Ina roƙon masana su fayyace mana ko rufewar za ta yi maganin abin.

Malamin Illela:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ai an riga an gwada har sau biyu. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, amma hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina ba su tsaya ba. Tsawon iyakar ya kai kusan kilomita 1,500, kuma mai ɗauke da bindiga ba ya bi ta ƙofar Illela ko Jibiya ko Maigatari inda jami'an kwastan da na shige da fice suke, ta daji yake ratsawa a kan babur. Waɗanda suka ji jiki su ne fataken albasa da dabbobi, da 'yan cin rani, da dangin da Turawan mulkin mallaka suka raba, kamar Katsinawan Katsina da na Maraɗi.

Hajiya daga Maraɗi:
Malam ya faɗi gaskiya, kuma ina so a tuna cewa hijirar ba gefe ɗaya take fuskanta ba. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane, akasarinsu mata da yara, suka tsallako jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma ƙauyukan yankin Gidan Runji ne suka ba su masauki. Da a ce iyaka ta rufu da gaske, da waɗannan bayin Allah ba su sami wurin tsira ba.

Tsohon Jami'i:
Hajiya, ina tare da ke, sai dai kada mu rufe ido a kan haɗarin. Makaman da suka watsu daga Libiya bayan 2011 ta Sahel suka gangaro. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya zauna kwana 90 ba biza, amma da takardar tafiya, alhali yawancin masu tsallakawa ta hanyoyin ƙauye ba wanda ke rubuta sunansu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lalacewar haɗin kai: Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ta kuma sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a Maris. Idan sojojin ɓangarorin biyu ba sa sintiri tare, ba sa musayar bayanan sirri, ɗan bindigar da aka fatattaka daga dajin Tangaza da ke jihar Sakkwato zai tsallaka ya huta, ya dawo idan ƙura ta lafa.