Wane pawa pak zan saya wa RX 6700 XT? Kwamfuta na mutuwa tsakiyar gem

ɗan_Kubwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Na cire kad ɗin hoto (graphics card) na GTX 1650 na sa RX 6700 XT na gwanjo, sauran kayan suna nan yadda suke, Ryzen 5 5600, RAM 16GB, SSD ɗaya. Pawa pak ɗin, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, wanda ya zo da kes ne, an rubuta 500W a jiki amma sunan kamfanin ma ban taɓa jinsa ba. Wayar 6-pin ɗaya ce kawai gare shi, shi kuma kad ɗin yana son 8-pin da 6-pin, sai wanda ya sayar min ya haɗa min da wata 'yar waya da ake jonawa a SATA, bakin wayar da ke ba SSD wuta, wai ba matsala. Gem ɗin FC yana tafiya lafiya lau amma da na shiga Warzone ba a jimawa sai ta mutu ɗif kamar an ɗauke wuta alhali fankar ɗaki na juyawa. Pawa pak mai 650W zan saya ko 750W? Ko dai mataccen kad aka liƙa min?

maigyara_wuse2:
Wa alaikumussalam. Ƙanena kafin maganar saye, cire wannan 'yar wayar ta SATA yau ɗin nan, kar ka ƙara kunna gem da ita. Bakin SATA 54W aka yi shi ya ɗauka, 8-pin kuwa har 150W kad zai iya ja ta cikinsa, to ka ga abin da kake ɗora mata. Irinsu ake kawo mana bakin ya narke ya yi baƙi yana warin roba, wani lokaci har da kad ɗin ta tafi.

Da wuya a ce kad ɗinka ne. 1650 ɗinka 75W yake ci, daga jikin madabod ma yake shan wutarsa shi ya sa tsohon pawa pak bai taɓa nuna halinsa ba, wannan kuwa 230W ne, kuma yana fizgar fiye da haka na ɗan ƙiftawar ido in gem ya yi nauyi, nan ne pawa pak yake kashe kansa. Ka ma gode wa Allah da yake kashewa.

Buɗe kes ka karanta takardar da ke liƙe a gefensa, bar wancan 500W da aka rubuta ɓaro-ɓaro, nemi layin +12V. Lambar A (amfiya) da ke ƙasa ka ninka ta sau 12. In ka ga 28A to 336W ne gaskiyar abin da kad da furosesa za su raba, sauran lissafin an cika shi ne da 5V da 3.3V waɗanda kwamfutar yanzu ba ta damu da su sosai ba. AMD da kansu 650W suka ce wa wannan kad, kuma ya isa in dai na kirki ne.

Sarkin_FC:
Ni dai oga in ni ne 850 zan ɗauka a wuce wurin, gobe in ka canza kad ba sai ka sake saye ba. Kuma ka tabbata Gold ne

maigyara_wuse2:
Sarki da wane kuɗin? 850 mai arha ai gara 650 na kamfanin da aka sani, Corsair, Seasonic, ko MSI MAG A650BN in aljihu ya yi sanyi. Duka kayansa in sun taru ba za su wuce 400W ba. Shi kuma Gold da Bronze ɗin nan na 80 Plus magana ce ta yawan wutar da ke ɓacewa ta zama zafi, Bronze kamar 85 cikin 100 a rabin lodi, Gold kamar 90, ba shaidar ingancin kayan ciki ba ce, sitika kuwa kowa na iya bugawa. In bambancin kuɗin 650 da 750 na kamfani ɗaya kaɗan ne ka ɗau 750, shi ke nan.

Umm_Gwarinpa:
Ni abin da zan ƙara, kad na gwanjo ba laifi amma pawa pak ka sayi sabo a kwalinsa da rasit. Na gwanjo ba ka san shekara nawa ya yi yana aiki ba, kafasitocin ciki tsufa suke, ga zafin Abuja na watan Maris ga ƙurar hunturu. In ka je Banex ka sa a buɗe kwalin a gabanka, ka ƙirga wayoyin PCIe, wato waɗanda ke kai wa kad wuta, ka nemi mai guda biyu daban-daban kowanne baki da wayarsa, ba waya ɗaya mai kai biyu ba. Ka duba an rubuta 100-240V, irin wannan ya fi jure lokacin da wuta ta zo ba ƙarfi. Kuma in mai cire wayoyi ne kar ka kuskura ka jona masa wayar wani pawa pak ko da bakin ya shiga daidai, tsarin fil ɗin ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, SSD ɗinka zai iya ƙonewa nan take.

ɗan_Kubwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na buɗe na duba, 12V ɗin 24A ne wallahi. Na cire wayar na mayar da 1650 kafin albashi. Tambaya ɗaya Anti, ina da UPS 650VA, zai riƙe sabon?

Umm_Gwarinpa:
24A ai 288W kenan, kad ɗin kaɗai ya kusa cinyewa. UPS ɗin kuma ba zai riƙe ba in kana cikin gem, VA ba wat ba ne, 650VA yawanci 360 zuwa 390W yake bayarwa, kai kuma daga bango za ka ja sama da 400 har da monita, ana ɗauke wuta zai yi ƙara ya mutu tare da kwamfutar. Nemi 1200VA ko sama, in da hali mai pure sine wave, wato mai ba da wuta sumul irin ta bango, domin wasu pawa pak na zamani ba sa shiri da wutar ƙananan UPS ɗin nan. In kuna da inbata a gida ka duba jikinta tukuna, wataƙila ma ba sai ka sayi komai ba.