Neman shawara: me ya kamata in duba kafin in sayi wagon mai jan ƙafa huɗu ta hannu?

Ma'aikaci daga Daura:

Assalamu alaikum. Ina aiki a cikin garin Daura, amma mahaifiyata da gonarmu ta gado suna wani ƙauye a ƙasar Baure, kuma daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙofar gidanmu akwai tafiya mai ɗan nisa a cikin rairayi. Da rani motata takan kafe sai an taru an tura, da damina kuma akwai wani kwari da ruwa yake kwanciya. A watan Agustan bara, ranar da jikin mahaifiyata ya tashi, sai a amalanken shanu aka fito da ita bakin titi domin motar ta kasa shiga, kuma tun daga ranar na ƙudura sayen motar da za ta kai ni har ƙofar gida.

Kuɗin Hilux ya fi ƙarfina, shi ya sa hankalina ya koma kan wagon mai jan ƙafa huɗu, wadda za ta ɗauki iyali da buhunan gero. Wani dillali ya nuna mini guda uku a Kano: Subaru Outback ta 2010, da Volvo XC70 ta 2004, da Pontiac Vibe ta 2005 wadda aka rubuta AWD, wato mai jan ƙafa huɗu, a bayanta. Ina roƙon masana su faɗa mini matsalolin da irin waɗannan motoci suka saba bayarwa, da abin da zan duba kafin in biya. Kuɗin na tara shekaru ne, ba zan iya yin kuskure da su ba.

Bakanike, Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Abu na farko, kada ka yarda da rubutun da ke jikin but, sai ka sa an hau da motar kan rami ka shiga ƙarƙashinta da tocila da kanka. Ka nemi farfela, wato dogon ƙarfen da ya taso daga giyabos zuwa aksul ɗin baya. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci da suka yi aiki a ƙasar nan an cire musu ita, ko dai saboda ta fara ƙara an rasa kayan gyara, ko kuma mai motar ya ji an ce cire ta yana rage shan mai. Na sha leƙawa in tarar da wurin fayau, sai ramukan kusoshi da suka yi tsatsa. Wanda ya sayi irin wannan ya biya kuɗin ƙafa huɗu ya tafi da biyu, kuma rairayin Baure ne zai fara sanar da shi.

Idan farfela tana nan, sai ka kai motar fili mai kwalta ko siminti, ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ka bar ta tana zagayawa a hankali ba tare da ka taka totur sosai ba, sau uku dama, sau uku hagu, sannan ka yi haka da ribas. Lafiyayyar mota za ta zagaya sumul. Idan ka ji tana tirjewa kamar ana riƙe ta, ko tayoyin baya suna ɗan tsalle suna gurzar ƙasa, to abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ya fara ƙamewa, kuma gyaransa ba na ƙaramin kuɗi ba ne. Ka yi wannan gwajin bayan motar ta yi tafiya ta ɗauki zafi, domin a sanye takan ɓoye cutar.

Game da Subaru, injinta mai lita 2.5 da ake kira EJ25 a kwance yake, silinda biyu a dama biyu a hagu, saboda haka kawunansa biyu ne, gasket ɗinsa ma biyu. Wannan inji ya yi suna da yoyon gasket, musamman a motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010. Ka haska ƙasan injin ta ɓangarorin biyu, wurin da kai ya haɗu da gangar jiki, ka ga ko akwai danshin baƙin mai ko busasshen ruwan lagireto, sannan ka buɗe robar ajiyar ruwa injin yana aiki ka ga ko tana kumfa. Haka kuma bel ne yake juya tayimin ɗinsa, wanda kamfanin ya ce a canza a mil 105,000, kimanin kilomita 168,000, kuma idan ya tsinke ana cikin tafiya bawuloli sukan lanƙwashe. Idan ba a nuna maka shaidar canji ba, ka sa kuɗin bel a cikin lissafinka tun yanzu.

Abin da ya fi damuna da ta 2010 shi ne giya. Daga wannan shekarar Outback mai lita 2.5 otomatik ta koma giyar CVT, wadda sarƙa ce take aiki a cikinta, kuma tana da man da aka yi dominta. Idan wani ya taɓa ɗura mata man giya na gama-gari, ta riga ta fara mutuwa ko da ba ta nuna ba tukuna. Wasu daga cikin na farkon kuma sukan yi rawa ko su mutu idan aka taka birki za a tsaya. Makanikan da suke buɗe irin wannan giya su gyara ba su da yawa a yankinmu, yawanci sai dai a nemo wata a ɗora.

Tsohon direba, Sabuwar Unguwa, Katsina:

Ɗana, duk abin da bakanike ya faɗa gaskiya ne, ni zan ƙara maka da abin da na gani a kaina. Na riƙe irin wannan mota shekara huɗu, kuma taya ce ta kashe ta. Ƙusa ta yaga mini tayar gaba a hanyar Mashi, sai wani mai faci ya sa mini wata 'yar Beljiyam wadda lambar jikinta ɗaya ce da sauran, amma ta fi su tudu domin sauran sun sha hanya. Na yi wata biyar a haka ina jin wani ɗan gurnani daga ƙasa, har ranar da motar ta ƙi juyawa a kwana sai da ƙyar. Da aka buɗe, man da ya fito baƙi ne ƙirin yana warin ƙuna. Dalili kuwa shi ne, idan taya ɗaya ta fi sauran girma, motar tana ɗauka wata ƙafa tana sulɓi, sai ta yi ta ƙoƙarin daidaita su dare da rana har ta cinye kanta.

Saboda haka ka tafi da igiya ka auna kewayen kowace taya. Bambancin da ake so kada ya wuce rubu'in inci, wato kamar milimita 6. Ka duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Ka sani tun yanzu cewa ranar sayen taya huɗu za ka saya a tare, kuma idan ta lalace a hanya ba a ɗaga gabanta a ja ta tayoyin baya suna ƙasa, sai dai a ɗora ta gaba ɗaya a kan mota. Man fetur ma za ta sha fiye da wadda ka saba, kuma kowa ya san yadda farashinsa ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Mai harkar shigo da motoci, Katsina:

Ina so in ja hankalin Malam kan inda motocin nan suka fito. A Amurka da Kanada, masu sayen wagon mai jan ƙafa huɗu yawancinsu mutanen yankin dusar ƙanƙara ne, inda ake watsa gishiri a titi da hunturu, kuma gishiri yana cin ƙarfe. Fentin sama zai iya yin ƙyalli alhali ƙasan ya ruɓe. Ka ƙwanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da aksul ɗin baya da sukudireba, ka bi bututun birki da ido, kuma idan ka ga an fesa sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota ka tambayi abin da aka rufe. Ka ɗaga kafet ka shinshina saboda motocin da ambaliya ta shanye. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 ka sa a bincika maka tarihinta a intanet, ka kuma tabbatar ita ce a takardun kwastan, domin a watan Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma kai hanyarka kusa da Kongolam take, inda jami'ai ba sa rabuwa da titi.

Volvo ɗin tana da daɗin tuƙi da ƙarfin bodi, amma akwai wani ƙaramin akwatin giya a gefen giyabos da ke aika ƙarfi baya, wanda haƙoran ƙarfen da ya haɗa shi da giyabos sukan cinye. Idan haka ta faru motar tana ci gaba da tafiya da ƙafafun gaba, sau da yawa ba tare da wata fitila ta kama ba, ga farfela a wurinta. Sai a kan yashi za ka gane: ka sa wani ya tsaya a gefe ya ga ko tayoyin baya suna turawa. Ka kuma ɗaura safar hannu ta roba a bakin da ake zuba baƙin mai injin yana aiki. Idan ta kumbura, hanyar numfashin injin ta toshe, yoyon mai yana tafe. Kayanta sai an aika kasuwar Ladipo a Legas idan an rasa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Da ni ne, Vibe zan ɗauka. Ita da Toyota Matrix abu ɗaya ne, injinta mai lita 1.8 irin na Corolla ne, sarƙa ce take juya tayimin ɗinsa, kuma kowane bakanike a Daura ya san shi, ko da yake yakan sha baƙin mai idan ya tsufa.

Ma'aikaci daga Daura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na rubuta maganar igiya da tayoyi. Abin da ya rage mini shi ne, Vibe ɗin na ga kamar ba ta da tsayi sosai daga ƙasa, kuma hanyarmu amalanke da manyan motoci sun haƙa ta, tsakiyarta ta yi tudu. Shin za ta wuce?

Bakanike, Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Malam, a nan na ɗan bambanta da Alhaji mai shigo da motoci. Outback ta 2010 tana da tsayin kusan santimita 22 daga ƙasa, Vibe ba ta kai haka ba, kuma idan cikin mota ya zauna a kan tudu ƙafa huɗu ba za su fitar da ita ba. Kayan bayan Vibe mai AWD kuma ba irin na Corolla ba ne, sai an nema. Kafin ka koma Kano, ka je ƙauyen da sanda ka auna zurfin sawun a wurin da ya fi muni, sannan ka auna ƙasan motocin da sandar nan. Idan Vibe ta tsallake da ɗan rata alhali an ɗora mata kaya, ka bi shawarar Alhaji. Idan ba ta tsallake ba, ka sa dillalin ya nemo maka Outback mai giyar hannu, ko ta 2008 ko 2009 mai tsohuwar giyar otomatik mai hawa huɗu, ka kuma tafi da bakaniken da kai ka zaɓa ranar da za a hau da ita kan rami.