Me za mu kira fim ɗin da ya yi kwantai, daga baya ya samu masoya?

Jama'a, a taya ni neman Hausar abin da Turawa ke kira cult classic. Ƙanena mai tura wa mutane finafinai a waya a Jekadafari, nan Gombe, shi ya tayar da zancen. Yana so ya ware wa irinsu waje guda a kwamfutarsa, ya rasa sunan da zai rubuta.

Ga abin da ake nufi. Fim ne da ya fito bai yi kasuwa ba, amma wasu 'yan tsiraru suka riƙe shi, suna maimaita kallo, suna haddace maganganunsa, suna jawo abokai, har bayan shekaru ya zama abin tinƙaho. Masu kallon Indiya sun san Andaz Apna Apna na 1994. Ga Aamir Khan, ga Salman Khan, amma a sinima bai taɓuka abin kirki ba. Sai da talabijin ta yi ta maimaita shi mutane suka gane barkwancin da ke ciki. A Amurka ma haka Office Space na 1999 ya yi: an kashe masa kusan dala miliyan 10, abin da ya samo a sinima bai wuce hakan da yawa ba, sai faifan DVD ya tashe shi a hannun ma'aikatan ofis da suka ga kansu a ciki. Akwai wani jan abin maƙale takarda, wato stapler, a fim ɗin. Mutane suka dinga nemansa har kamfanin Swingline ya fitar da irinsa a 2002.

Fim ɗin dariya ya fi kowane shiga wannan hali, domin kallon farko labari kake bi. Sai a na biyu da na uku kake lura da wanda ke can baya yana yatsine fuska, ko kalmar da aka jefa a hankali. Ranar da ka faɗi rabin maganar a teburin mai shayi wani ya ƙarasa maka, kun zama 'yan gida ɗaya.

To, kalmomin da aka kawo. Wani ya ce "fim ɗin ƙungiya", wai fassarar kalmar cult ke nan. A'a, don Allah. A ƙasar nan da an ji haka ƙungiyar asiri za a tuna, kuma babu abin da ya haɗa su.

Wani malaminmu a Tudun Wada ya ce "tsohuwar zuma". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, kalmar ta yi daɗi, sai dai ta fi dacewa da tsohon fim mai daraja kowane iri. Finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro tsohuwar zuma ne, amma ai tun yana raye, kafin rasuwarsa a 2014, gari ya ɗauka. Ba a taɓa raina su a kasuwa ba. Abin da muke nema dole ya nuna an yi watsi da fim da farko.

Shi ya sa na tsaya a kan "tashen kwantai". Ɗan kasuwa ya san kwantai, kayan da suka kwana ba mai saye. Kowa kuma ya san abu yana tashe. Haɗa su biyun ya ba da labarin duka, ba sai an yi dogon bayani ba. Su kuwa masoyan, muna da sunansu tuntuni: 'yan gani-kashe-ni.

An yi mini gyara cewa kwantai na iya zama kamar zagi ga wanda ya shirya fim ɗin. Na ji, kuma magana ce. Amma gaskiyar abin da ya faru ke nan, kuma tashen da ke gaba ya wanke shi. A gwada a baki: "Wannan fim tashen kwantai ne, 'yan gani-kashe-ninsa sun haddace shi kaf." Ƙanena ya riga ya rubuta haka. Mai wadda ta fi ta, ya kawo mu gwada ta a jimla.