Bak aksul na 330i: in zauna a 2.93 ko in koma 3.38?

Ɗan Hotoro:
Salamu alaikum jama'a. Ina da BMW 330i, E46 ƙirar 2002, mai giyar hannu guda biyar. Kwanan nan bak aksul ɗinta ya fara gurnani daga gudun 80 zuwa sama, in na ɗaga ƙafa daga totur sai kukan ya ƙaru. Bakanikena ya ce berin ne ya ci, gara a sauke shi a ɗora na Beljiyam. Ranar Asabar na shiga Ƙofar Ruwa na samu guda biyu. Ɗaya irin nawa ne, 2.93. Ɗayan daga 330i mai giyar otomatik aka kwance shi, 3.38. Mai shagon ya ce in na sa na biyun, motar za ta riƙa tashi kamar an tsikare ta. Ban da wasan da muke yi da ita a fili jefi-jefi, duk ƙarshen mako ina zuwa Kaduna wajen iyali. Wanda ya taɓa gwadawa ya ba ni shawara kafin in biya kuɗi.

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam. Mai shago bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa. Lambar nan ma'anarta sau nawa farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya. Daga 2.93 zuwa 3.38 ka ƙara wa tayoyin baya ƙarfin turi da kusan kashi 15 cikin ɗari a kowace giya. Injin kuwa yana nan yadda yake, dokinsa 231, ko ɗaya bai ƙaru ba. Gudu ka sayar ka sayi tashi.

Abin da za ka duba shi ne giyabos ɗinka. Giya ta biyar a wannan motar ɗaya-da-ɗaya ce, ba ta rage wa inji juyi ko kaɗan. In tayarka 225/45 ce a kan rim 17, zagayenta kusan mita biyu ne, wato a gudun 120 tana juyawa kusan sau 1,000 a minti. Ka ninka da kanka: da 2.93 allurar juyin inji tana wajen 2,950, da 3.38 tana wajen 3,400. Haka za ka riƙe ta tun daga Kwanar Dangora har ka wuce Zariya. Injin ba zai ce komai ba, mai silinda shida a jere ne, yana son juyi. Aljihunka da kunnenka ne za su yi magana. Masu otomatik an ba su 3.38 ne don giyarsu ta ƙarshe tana sauke juyin, taka kuwa ba ta yi.

Na Kawo:
Ni na sa, kuma ban yi nadama ba. Nawa ma 3.46 ne, na 325i otomatik. Oga Mai Sifana lissafinsa daidai ne, amma lissafi daban, zama bayan sitiyari daban. Da 2.93 giya ta biyu doguwa ce ƙwarai, in ka shiga kwana a hankali sai injin ya faɗo ƙasa da inda ƙarfinsa yake, ka yi ta dukan kulochi kafin baya ya saki. Yanzu da na taka take amsawa. Cikin gari ma ta uku ta ishe ni yawo, ba yawan sauya giya. Mai kam tana sha fiye da da a doguwar hanya, ban musa ba. To amma wanda ya sayi inji mai lita uku ai ba tsimin mai ya fito yi ba.

Mai Sifana:
Na Kawo, ka faɗa masa har da wannan. Da 2.93 giya ta biyu tana kai shi wajen 106 kafin allura ta taɓa 6,500. Da 3.38 a 92 za ta ƙare, da naka a 90. Ke nan kafin ya kai 100 sai ya sa ta uku, kuma lokacin da ya ci a tashi wani ɓangarensa zai tafi wajen sauya giyar. Shi ya sa mota kan ji kamar ta ƙara wuta sosai, agogo kuma ya nuna ɗan bambanci kaɗan.

Baba Fanteka:
Yara, kuna ta gardamar lamba kun bar babban abu. Duk waɗannan aksul ɗin buɗaɗɗu ne, in ba na M3 ba. Taya ɗaya ta samu santsi, ita kaɗai za ta yi ta juyi, kuma ƙarin turin nan sai ya sa ta fi saurin yin haka. Masu wasa suna yi masa walda don tayoyin biyu su riƙa juyi tare, amma kai mai ɗaukar iyali a babbar hanya, kada ka kuskura, musamman da damina.

In ka je saye kada ka yarda da rubutun fenti a jikinsa. Ka juya ɓangarorin taya biyu tare sau goma, wani ya ƙirga maka juyin wajen farfela, ya kamata ya kusa 34. Ka gwada bakin da farfela ke kamawa da naka na tsoho, don na otomatik da na giyar hannu ba kullum suke zama ɗaya ba. Kuma tunda za a sauke, a haska tocila a ƙasan but inda aka ɗaure gadon aksul. E46 ta yi suna wajen tsagewa a nan.

Ɗan Hotoro:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, an duba wurin, lafiya lau yake. Jiya da zan dawo daga Kaduna na riƙe ta a ta huɗu a gudun 95 zuwa 100, allura tana wajen 3,000, don in ji yadda kukan injin zai kasance in juyinsa ya ƙaru. Ni bai dame ni ba, uwargida ce ta tambaya ko motar ta samu matsala. Na ce wa mai shago ya ajiye mini 3.38 ɗin zuwa Laraba. Na Kawo, in kana gari ranar Lahadi ina so in ɗan ja taka tukuna.