Na sa ƙyastu a murhun Minecraft ya ƙi ci, akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Sabon Shiga

Salamu alaikum 'yan'uwa. Sati na biyu ke nan ina buga Minecraft a wayar yayana. Jiya na shiga wani kogo na tono tama guda goma sha ɗaya, dare ya same ni a ciki, ko ƙwayar kwal babu a jikina. Na kafa murhu, na zuba tamar a gurbin sama. Sai na tuna ina da ƙyastun nan na ƙarfe da ƙanƙara, wanda na tsinta a akwatin da ke gefen wata rusasshiyar ƙofar Nether, wato ƙofar shiga duniyar wuta ta wasan. Na ce to ai shi ke nan, abin kunna wuta ne. Na ɗauko shi zan sa a gurbin ƙasa, ya ƙi zama. Na sake, ya ƙi. Na fito na durƙusa na ƙyasta a kan murhun, wuta ta kama a samansa, ta yi ɗan ci ta mutu, tama tana nan yadda take. Wayar ce ke da matsala ko ni ne ban iya ba?

Mai Gatari

Wa alaikumus salam. Ƙanena, wayarka lafiyarta lau. Ƙyastu ba makamashi ba ne a wasan, ko a waya ko a kwamfuta. Gurbin ƙasan nan ba ya karɓar komai sai abin da zai iya ci, shi ya sa ka ga yana tunkuɗo shi. Ni ma a farkon farawata na yi wannan, sai dai ni a gurbin sama na jefa shi, can kuwa kome ka sa zai zauna. Na zauna ina kallon allo kamar mai jiran tuwo ya nuna.

Murhun wasan ba a kunna shi. Da ka sa abin narkawa a sama, ka sa makamashi a ƙasa, da kansa yake kamawa. Kowane abu guda yana ɗaukar daƙiƙa 10. Kwal ɗaya yana ci na daƙiƙa 80, wato abu 8 ke nan. Katako ɗaya daƙiƙa 15. Sanda ɗaya daƙiƙa 5, rabin aiki ke nan, don haka sai ka sa biyu kafin tama ɗaya ta narke. In ka sa sanda ɗaya tak, kibiyar da ke nuna ci gaban narkawar za ta kai tsakiya ta koma baya, ka yi asara. Ka duba jakarka da kyau, mai sati biyu ba ya rasa tsohon magirbin katako da ya daina amfani da shi. Kowane kayan aiki na katako yana narkar da abu ɗaya.

Ɗan Maƙera

Ni dai ba zan yi wa yaron nan dariya ba, don tunaninsa ya fi na wasan tafiya daidai. Kakana maƙeri ne, kuma na tashi na ga ƙyastu na gaske a cikin 'yar jakar fatarsa: ƙarfe lanƙwasasshe, da ɗan dutsen ƙanƙara, da 'yar auduga da yake kama tartsatsin da ita. Ko da ashana ta cika gari bai yar da shi ba. A maƙerarsa gawayi yana iya kwana a jibge, in ba a kai masa garwashi an zuga ba, babu abin da zai yi. To kai da ka san haka, ka shigo wasa ka ga murhu ga gawayi ga ƙyastu, me hankalinka zai ba ka? Na yi wata guda ina ɗauka dole sai na ƙyasta. Kullum in na zuba kwal sai in fito in durƙusa in kunna wuta a gefen murhun, in buɗe in ga yana ci, in ce yawwa ta kama. Ashe tun kafin in fito ya riga ya kama. Ƙyastu guda yana yin ƙyasta 64 ne ya karye, na kusa cinye ɗaya cur a kan wannan shirmen kafin wani abokina ya leƙo allona ya ce me kake yi haka.

Inda kurum ɗan'uwanmu ya kauce shi ne da ya nemi ya jefa ƙyastun ciki. Ko a maƙerar kakana, ka jefa ƙyastu a wuta ba zai ci ba, sai dai ya yi ja.

Gidana Ya Ƙone

Malam Ɗan Maƙera, ka gode wa Allah a kogo kake yi. Ni a cikin ɗaki na yi.

Na yi kwana huɗu ina gina gida da katako, bene hawa biyu, na jera ulu ja da fari a bango don ado. Murhuna uku suna jikin bango. Na ƙyasta a gefen na tsakiya, wuta ta lashi katakon da ke bayansa, kafin in ce me, ta hau ulu. Ulu kuwa ba ya jira. Na bi ina dukan wutar da hannu, in kashe nan ta tashi can. Bokitin ruwa ban da shi. Da gari ya waye abin da ya saura murhu uku ne a tsaye da akwatuna, su wuta ba ta cin su. Naman da na so in gasa yana ciki ɗanye. Tun ranar duk ɗakin da zan sa murhu da dutse nake gina shi, duk da na san murhun kansa ba ya tayar da gobara. Tsoro ne kawai ya zauna.

'Yar Lissafi

Allah ya mayar da alheri. Sabon Shiga, in ka fito daga kogon ka manta da neman kwal, ka sari itace. Gungume guda in ka jefa shi haka nan a matsayin makamashi, abu ɗaya da rabi zai narkar. In ka fasa shi katako huɗu, kowane katako ɗaya da rabi, ka sami 6. In kuwa ka sa gungumen a gurbin sama ka gasa shi ya zama gawayi, ka sami 8, daidai da kwal. Ni abin da nake yi a ranar farko: gungume ɗaya in fasa katako, in gasa gungume shida da shi, gawayi shida ke nan, kuma da gawayin ake yin tocila kamar yadda ake yi da kwal. Kada dai ka mayar da katako sanduna don ƙonawa. Katako biyu abu 3 ne, sanduna huɗun da za su ba ka abu 2 ne.

Mai Gatari

Haka ne Hajiya. A ƙara da curin kwal: kwal 9 a warwatse abu 72 ne, in ka dunƙule su curi ɗaya sai ya ba ka 80.

Bokitin Wuta

Curin nan da irinsa suna da tarko, ku bari in ba ku nawa labarin. Na ji ana cewa babu makamashin da ya kai bokitin narkakken dutse, daƙiƙa 1000, abu 100. Na sauka can ƙasa, na ɗebo da kyar, saura kaɗan in faɗa ciki. Na dawo gida ina taƙama, na sa shi a murhu, na ɗora dankali guda biyar. Dankali ya gasu cikin daƙiƙa 50. Wutar kuwa ta ci gaba da ci a banza har ta ƙare, don murhu in ya riga ya haɗiye makamashi ba ya tsayawa ya jira ka. Abu 95 na zubar a kan dankali biyar.

Ko ka cika gurbin sama ma 64 ne iyakarsa, saura 36 sai ka tsaya a kai ka ƙara. Maganin abin mazurari ne, wanda ake ƙerawa da ƙarfe 5 da akwati. Na sama yana zuba abin narkawa, na gefe yana zuba makamashi, na ƙasa yana kwashe abin da ya nuna har da bokitin da ya zama fanko. Yanzu yashi nake loda wa akwati in tafi harkata, in dawo in tarar da gilashi. Kuma tun sabuntawar 1.17 ta 2021 ba na sauka ɗiba. Na sa narkakken dutse a kan bulo, na maƙala tsinin dutsen nan mai ɗiga a ƙarƙashinsa, na ajiye tukunya a ƙasa. Yana ɗiga a hankali har ta cika. Jeri takwas gare ni, ban sake tunanin kwal ba.

Maman Biyu

Ni da yarana muke bugawa a duniya ɗaya, kuma ƙaramin ne ya koya mini inda ƙyastu yake shiga harkar girki. Wutar sansani. Ana haɗa ta da sanda 3, gungume 3, da kwal ko gawayi 1, daga nan ba ta sake neman makamashi har abada. Tana ɗaukar abinci huɗu a lokaci guda, daƙiƙa 30 su gasu. In an kashe ta da shebur ko ruwa ya taɓa ta, da ƙyastu ake sake tayar da ita. To a nan ne kawai na ga ƙyastu ya yi aikin da kakan Malam Ɗan Maƙera yake yi da nasa. Sai dai abinci kaɗai take gasawa, tama ba ta narkewa a kanta.

Babban kuma wata hanya ya gano da ba na so. Yana ƙyasta wuta a ƙarƙashin saniya, in ta mutu tana ci da wuta sai naman ya faɗo a gashe. Wasan ya yarda da haka, ni ban yarda ba. Na ce masa a duniyar da nake ciki ba a yi wa dabba haka, ko ta allo ce. Ya ce Mama ai ta fi sauri. Na ce ya je ya ƙera murhun banda, shi ma daƙiƙa 5 yake gasa nama.

Ɗan Nether

Tun da ana tonon asiri: na taɓa tafiya Nether da murhu ba kwal, na ce ai akwai itatuwa a can. Na sari jajayen nan da masu shuɗi-kore, na fasa katako, gurbin ƙasa ya ƙi karɓa. Itacen Nether ba ya ci da wuta sam. Sai na ce to bari in yi dabara, na haɗa dunƙulen wutar nan da ake yi da hodar sandar Blaze (dodon wutan nan na Nether) da albarushi da kwal. Kwal ɗin ma ɗaya ne tak na roƙa wajen abokina. Abu sunansa wuta, cikinsa kwal, na sa a murhu ya ƙi. Shi ma ɗan'uwan ƙyastu ne, kunnawa kawai yake yi. Kwal ɗin da zai narkar mini da zinariya 8 na mayar da shi abin da ba ya narkar da ko ɗaya. Sandar Blaze ita tana ci, abu 12, amma wanda ya san wahalar samunta ba ya jefa ta a murhu.

Sabon Shiga

To amma na rantse na ga wani bidiyo mutum ya sa ƙyastu a murhu ya kama.

Mai Gatari

Ba ka yi ƙarya ba, wasansa ne ba irin naka ba. Akwai ƙarin da mutane ke ɗora wa wasan. A na waya mai haɗa ƙari yana iya ƙirƙiro abu ya rubuta masa tsawon daƙiƙun da zai ci a murhu, a na kwamfuta kuma masu gyare-gyare sun fi haka nisa. Akwai TerraFirmaCraft, wanda a cikinsa wuta ba ta kama da kanta, sai ka tara itace ka tayar da ita da abin kunnawa. Malam Ɗan Maƙera, wannan naka ne. Amma ainihin wasan da kamfanin Mojang suka fitar, wanda ke wayar yayanka, babu wannan.

Ɗan Maƙera

Na gwada shi ai. Kwana uku na yi ban ƙera ko wuƙa ba, na dawo wa murhun da ke kama kansa ina sa masa albarka. Duk da haka da za su ji tawa, da sun sa ƙyasta ɗaya kafin murhu ya fara ci. Yanzu aikin ƙyastu a wajen yawancinmu kunna ƙofar Nether ne da nakiyar TNT, sai kyandir. Ka kashe ƙarfe ɗaya, ka tona tsakuwa wajen goma kafin ƙanƙara ɗaya ta faɗo, ka ƙyasta sau ɗaya ka jefa a akwati.

'Yar Lissafi

Malam, in aka yi haka injin Bokitin Wuta ya mutu, wa zai tsaya yana ƙyasta wa murhu takwas? Ni a bar shi yadda yake. Wanda ke kusa da teku ma ya gwada ciyawar ruwan nan doguwa. A busar da 9 a murhu a dunƙule, curin yana narkar da abu 20. Ka cire 9 da ka kashe wajen busarwa, ribarka 11, kuma ciyawar tana sake tsirowa.

Sabon Shiga

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na koma kogon ɗazu. Na duba jaka kamar yadda Yaya Mai Gatari ya ce, na sami tsohon magirbin katako da gatarin katako, tama biyu suka narke. Ina son uku don in ƙera bokiti, na duba babu sauran abin ƙonawa. Sai na fasa teburin ƙira na jefa shi, ya kuwa ci, ta uku ta fito. Yanzu ga ƙarfe uku a hannuna, ba teburin da zan ƙera bokitin a kai, ba katako ko ɗaya, kuma ina jin gurnanin wani abu a bayan bangon da na toshe.

Gidana Ya Ƙone

Kada ka ƙyasta masa. In Creeper ne, dodon nan mai fashewa, ƙyastu sa shi fashewa yake yi.