Musayar Baitoci Kan Lambunmu Na Bakin Kogi

Baba Mai Sanda:
Salamu alaikum. Amsa-amon yau "wa" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami,
In waƙe ɗan lambunmu na bakin ruwa.
Taku ɗari biyu ka kai ƙarshensa,
Ƙarami ne, amma ya ɗauke kowa.
Benci shida, ɗaya ƙafarsa ta karye,
Mun tokare da dutse, yana tsayuwa.
Mu tsofaffi muna gindin ɓaure,
Rana ta matsa, mu matsa da inuwa.

Maman Lilo:
Baba, ka yi yabo ka tsallake lilo,
Sarƙarsa ta ci tsatsa, tana tsinkewa.
Jiya 'yata ta fizge daga hannuna,
Ta hango balbela, ta bi ta da rugawa.
Ta ɓarakar shingen nan ta kutsa,
Na cafko rigarta, ƙafa ɗaya a ruwa.
Daren jiya ban runtsa ba, Baba,
A toshe ta tun kogi bai yi cikowa.

Autan Layi:
Yaya, sannu, Allah ya tsare gaba,
Ni dai shinge na gaji da gyarawa.
A sare itatuwan gaɓa, a zuba kankare,
Katanga doguwa wadda ba ta rushewa.
Sauran fili a yi mana shaguna,
Haya ta shigo, ta ishe mu kulawa.

Baba Mai Sanda:
Ɗana, zauna in ba ka labari,
Wurin nan mashigi ne tun na yarantawa.
Kafin gada, nan ake jiran jirgi,
Mai fito na tura gora, ana hayewa.
Turken da kuke zama kuna latsa waya,
Igiyar kwale-kwale a nan ake ɗaurewa.
Da gada ta zo, aka gina gidaje,
Har da na mahaifina, ina tunawa.
Dare ɗaya kogi ya biyo sawunsa,
Muka fita da tabarma, ɗaki na zubewa.
Duba tsohon bangon bayan famfo,
Zanen ruwa daidai ƙirjinka yake kaiwa.
Wurin ya zama juji shekara da shekaru,
Muka kwashe da kwando, muka hau dasawa.

Malama Mai Alli:
Auta, ƙanena, ga abin da na sani,
Kogi a lanƙwasa yake ɓarnatawa.
Gefen waje ruwa ya fi gudu, yana ƙwaƙule gaɓa,
Gefen ciki yashi yake ajiyewa.
Lambunmu na gefen da ake ci,
Saiwar ɓaure ce ke riƙe shi kamar uwa.
Kankare ba ya shan ko ɗigo,
Ƙara wa ruwa gudu yake, yana turawa,
Maƙwabtanmu na gangare su kwana a ciki,
Ciyawa kuwa tsotsa take, tana ragewa.

Autan Layi:
Malama, na je na tsaya jikin bangon,
Zanen ya kai min har wuya, na yi tsayuwa.
Na janye gatari. Asabar da safe
Zan zo da mai walda, shinge za mu haɗawa.

Maman Lilo:
Allah ya yi albarka, Auta. Ka ce masa
Ya taho da sarƙa, lilo na jiran ɗaurewa.
Sandunan shingen a matse su sosai,
Kan 'yar shekara uku kar ya iya wucewa.