Neman kalma: "shot" na vodka da lemun tsami, kafin ƙarfe 8 na safe

'Yar Fassara: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina cikin matsi. An ba ni aikin fassarar ƙasan allo ta wani shirin girke-girke na Amurka, gobe ƙarfe 8 na safe zan miƙa. Kashi biyar sun tafi lami lafiya, na shida ne ya tsaya mini a wuya. Mai gabatar da shirin ta yi baƙi a gida, sai ta haɗa musu abin da suke kira "lemon drop shot". Vodka ce da ruwan lemun tsami da sikari, a girgiza da ƙanƙara, a zuba a 'yan mitsi-mitsin kofunan gilashi, kowa ya ɗaga ya shanye a tashi ɗaya. Kalmar "shot" ta fito sau 14. Na jefa wa na'urar fassara don in ji ta bakinta, ta ba ni "harbin ɗigon lemo". Layi ba ya wuce harafi 42 har da tazara, don haka kada a ba ni bayani mai tsawon igiyar guga. Abu uku nake nema: shot, vodka, da sunan abin kansa. Kuma tun kafin a tambaye ni, ba sha nake ba, aiki ne.

Ɗan Maraɗi: Wa alaikumus salam. Finjali. An gama. Ɗan kofin gilashin da mu ka shan shayi da shi, girman ɗaya na.

Ɗalibin Nahawu: Ta vodka ba ta da wuya, Anti. Ba mu da harafin v, kullum b yake komawa: direba, bidiyo, biza, talabijin, Nuwamba. Bodka ke nan. Bakin Bahaushe zai so ya ce "bodika", amma a rubuce ki bar ta bodka don wanda ya san ta ya gane ta. Asalinta ma daga kalmar ruwa ce a harsunan su Rasha da Poland, kamar a ce ɗan ruwa.

Anti Mai Girki: Ɗan ruwa! Allah ya kiyashe mu da irin wannan ruwa. Ni sunan ne ya ɗauki hankalina. Zaƙi-zaƙi, tsami-tsami, ai tsami-gaye ne. Ki ce "tsami-gayen Turawa", kowa ya gane ɗanɗanon ba tare da ya ɗanɗana ba.

Ɗan Bukuru: Ƙanwata, bari in sa baki, don na yi shekara shida ina haɗa irin waɗannan a wani otal a Abuja kafin in koma gida Jos. Anti ta kusa da gaskiya ba ta sani ba. "Lemon drop" sunan wata alawa ce mai tsami da ake barbaɗa wa sikari. Wani Norman Jay Hobday, mai mashayar Henry Africa's a San Francisco, shi ya ƙirƙiro abin shan a shekarun 1970, aka ara masa sunan alawar. Da farko a babban kofi mai doguwar ƙafa ake ba da shi, daga baya aka ƙanƙanta shi ya zama na tashi ɗaya. Yadda muke yi: a dafa sikari da ruwa daidai wa daida har ya narke, a bari ya huce. Bodka kashi biyu, ruwan lemun tsami kashi ɗaya, ruwan sikari kashi ɗaya ko ƙasa da haka. Wasu na ƙara ɗan triple sec, barasar Faransa ce da ake yi da ɓawon lemun zaƙi. A zuba a gwangwanin girgizawa da ƙanƙara, a jijjiga har bayan gwangwanin ya yi raɓa. Jijjigar ba don sanyi kaɗai ba ce, ƙanƙarar da ta narke ita ke kashe kaifin bodkar. Sai a goga yankan lemu a bakin kofi, a kifa shi a kan sikari ya kama, a tace a zuba. Mu dai a wurin aiki "shot" muke cewa, ko da Hausa muke magana. "Ba shi shot biyu." Ban taɓa jin wanda ya ce finjali ba.

Tsohon Ɗan Rediyo: To, ga inda muke mutuwa. "Mu dai shot muke cewa." Da mu ma haka muka yi a zamaninmu, da yau babu jirgi mai saukar ungulu, babu Majalisar Ɗinkin Duniya, babu gidan rediyo ma. Zama ake yi a tauna kalma har ta yi laushi. 'Yata, mene ne ya raba wannan sha da sauran? Ba a kurɓa, kwankwaɗa ake yi. To sunansa kwankwaɗau. Harafi goma. "Ta haɗa musu kwankwaɗau huɗu." Ki karanta da ƙarfi ki ji yadda ya zauna a baki.

'Yar Fassara: Baba, ya zauna kam, har na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Amma zai gane kuwa, wanda bai shigo zauren nan ba?

Ɗalibin Nahawu: Ranka ya daɗe, da neman afuwa. Wannan siga ta -au mai yin abu take nunawa, wanda abin ya zame masa hali: mantau, makarau, gagarau, jimrau. In na ji kwankwaɗau, mashayin zan gani a raina, ba kofin ba. "Ta haɗa kwankwaɗau huɗu" zai zama ta tara 'yan giya huɗu a falonta.

Tsohon Ɗan Rediyo: Ai kuwa ta tara su! Ba baƙi ta yi ba? Sannan, yaro, fiddau fa? Shi ya fitar, ko shi aka fitar? Ka koma ka tambayi malaminka.

Ɗalibin Nahawu: Na karɓi fiddau, Baba. Amma ɗaya ce a gaban goma.

Malam Na Zazzau: Ina ta karantawa ina mamaki. Mutane masu hankali sun zauna cikin dare suna yi wa uwar laifuka raɗin suna. Wata ma ta ɗauko tsami-gaye, abin da 'ya'yanmu ke saye a bakin makaranta, garin kuka da sikari, za ta liƙa wa barasa. Wani ya ɗauko finjalin da muke ba baƙo shayi. Me ya rage, moɗa da ludayi? Malama, ki bar shi da Turancinsa. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba Allah ya tsare shi. Ba kowane abu ne ya cancanci a sa masa rigar Hausa ba.

Anti Mai Girki: Allah gafarta Malam, na janye tsami-gaye. Wallahi ban yi tunanin yara ba.

'Yar Fassara: Allah gafarta Malam, ni ma na yi wannan tunani, sai na ga barin sa da Turanci ya fi haɗari. Duba sunan da idon wanda bai iya Turanci ba: "lemon". Mu a nan lemo me ne? Abin da ake raba wa yara a biki. Mace tana kallo da 'ya'yanta, ta ga ruwa garai-garai da sikari a bakin kofi, ƙasan allo ya ce lemon wani abu, za ta ɗauka lemon kwalba ne na masu kuɗi. Na'urar ma ai "ɗigon lemo" ta ce. Ina so duk wanda ya karanta ya san giya ce tun daga layin farko. Giya da barasa da burukutu da bammi duk suna da suna a Hausa tun kaka da kakanni, kuma sunan bai halatta wa kowa su ba. Da sunan ne ma ake wa'azi a kansu.

Malam Na Zazzau: Wannan magana ce. In dai kalmar barasa za ta fito ƙarara, ba a lulluɓe ba, na rage murya. Ban ce na yarda da aikin ba.

Ɗan Bukuru: Ni dai abin da ban ji daɗi ba shi ne "ga inda muke mutuwa". Baba, da Hausa aka yi mini goyo, da ita muke waƙa a coci, da ita nake ciniki a kasuwar Terminus ta Jos. Kun tambayi yadda masu sana'a ke faɗa, na faɗa. In Bakano ya ce "mota" ko "tebur" Hausa ce, in mu muka ce "shot" sai ta zama mutuwa?

Ɗan Maraɗi: Gaskiya tai ta. Ku duka 'yan Najeriya kun cika Hausa da Ingilishi, sannan ku zo kuna gyara muna baki. Finjali da na ce, tsohuwar kalma ta, amma an ture ta don ba daga Kano ta hito ba.

Ɗalibin Nahawu: Yaya, finjali Larabci ce. Kuma ku da kuke tura yara lakwal wurin mushe, ku ne za ku yi mana gorin aro? Mu a nan mushe ba a kusantar sa.

Ɗan Maraɗi: Mushenmu ya koya muna karatu, naku tica me ya koya muku ban da "shot"?

Tsohon Ɗan Rediyo: Ɗana na Bukuru, ba da kai nake ba, da lalaci nake. Mota ta shigo ta yi wanka ta sa kaya, har ta haifi motoci. "Shot" fa? Jam'inta me? Shota-shotai? Kalmar da ba ta iya haihuwa ba baƙuwa ce har yanzu. Kwankwaɗau kuwa ɗan gida ne.

Anti Mai Girki: Baba, na'ura mai ƙwaƙwalwa ma 'yar gida ce, amma jikokinka kwamfuta suke cewa.

Tsohon Ɗan Rediyo: Yanar gizo fa? Ta mutu ne?

'Yar Fassara: Jama'a, ƙarfe ɗaya saura. Don girman Allah a dawo kan kofi.

Ɗan Bukuru: To ƙanwata, koma ki duba wurare 14 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Na tabbata ba abu ɗaya take nufi ba. A wurinmu kalmar aiki uku take yi. Wani lokaci awo ce, kuma awon ma ba ɗaya ba ne a duniya: a Amurka kusan mililita 44, a Ingila 25 ko 35, a Jamus 20, a Rasha 50. Tunda shirin na Amurka ne, 44 take nufi. Bodka yawanci kashi 40 cikin 100 barasa ce tsantsa, shi ya sa mililita 44 nata suke lissafa shi daidai da gwangwanin giya guda, duk da ƙanƙantar kofin. Wani lokaci kofin kansa ake nufi. Wani lokaci kuma yadda ake shan, a ɗaga kai sau ɗaya. Kina neman kalma ɗaya ta ɗauki kaya uku, shi ya sa kowace ke durƙushewa.

'Yar Fassara: Yaya, Allah ya saka. Na duba. Shida awo ne, "zuba shot biyu na vodka". Biyar kofi ne. Uku ne kawai na shan, wurin da suke ɗaga kofuna suna ihu.

Anti Mai Girki: Na awo ai mu muka san shi. "Awo biyu na bodka." A farko ki sa mililita 44 sau ɗaya, sauran ki bar su awo. Haka muke yi da gwangwani da cokali. Na shan kuma, me ya hana makwarwa? "Ko makwarwa ɗaya bai sha ba." Kalma ce da kakata ke faɗa, ba sai an ƙera sabuwa ba.

Ɗalibin Nahawu: Makwarwa ta yi! Sai dai kada ta haɗu da fassarar na'ura, a samu harbin makwarwa, mutane su ɗauka shirin farauta ne.

Ɗan Maraɗi: Saura lemun. Wanga da ta ka amfani da shi babba na, rawaya, ba ƙaramin kore na kasuwa ba. Tsohinmu lemun Masar su ka ce mishi.

'Yar Fassara: Na sani, amma hoton yana nuna shi, kuma rabin masu kallo ba su taɓa jin lemun Masar ba. Lemun tsami zan bari. Ga abin da na tsayar. Layin farko: "Lemon Drop: barasar bodka da lemun tsami". Na ƙirga, harafi 40, ya shiga. Awo ya zama awo. Kofi ya zama ɗan kofi, yi haƙuri Yaya na Maraɗi, finjali ya tsaya wurin shayinsa. Wurin shan kuma "a makwarwa ɗaya". Triple sec ta fito sau ɗaya tak, na sa "barasar ɓawon lemu", in akwai mai gyara ya yi magana yanzu.

Malam Na Zazzau: Barasa ta fito a layin farko. Shi ke nan abin da na roƙa. Allah ya ba ki aikin da ya fi wannan.

'Yar Fassara: Amin, Malam. Kashi na bakwai miyar kabewa ce.

Tsohon Ɗan Rediyo: Wato an raba kalma ɗaya gida uku don a guje wa tawa. Ba fassara aka yi ba, rabon gado aka yi. Makwarwa ba laifi, Hausa ce, amma makwarwar ruwan randa ma makwarwa ce, ba ta da zafin abin. A cikin ukun nan na ihu, 'yata, ko ɗaya ba za ki ba ni ba?

'Yar Fassara: Baba, akwai wurin da wani baƙo ya shanye nasa tun kafin a gama zuba wa sauran, matar ta harare shi ta kira shi da wani suna na tsokana. Na rasa yadda zan yi da shi tun jiya. Na sa "Kai, kwankwaɗau!"

Ɗalibin Nahawu: Wato mai yin abin. Ban ce komai ba.

Tsohon Ɗan Rediyo: Gara da ba ka ce ba. 'Yata, ki tabbatar sun bar ƙugiyar ɗ ɗin, kada su mayar mini da ita d.